Ƙananan Tallafin Bincike Ga Ma'aikatan Jinya Da Unguwarzoma: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ake yawan ji daga bakin ma'aikatan jinya da unguwarzoma duk sanda aka tayar da zancen bincike, a ɗakin hutun ma'aikata ne ko a wajen bita. An amsa su ne domin mai aiki a gefen gadon majinyaci, wanda yake karɓa-karɓar aikin safe da na rana da na dare, kuma yake ganin abubuwa a ɗakinsa da babu wanda ya taɓa ƙirga su.

Bincike ba aikin likitoci da malaman jami'a ba ne? Me ya kawo nas ciki?

Likita yakan zo zagaye, ya duba majinyaci, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Nas ce take zama da majinyacin nan awa takwas ko goma sha biyu. Ita ta san wanda yake ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin matashi, ta san uwar da take ba jariri ruwan rubutu da tsakar dare, ta san lokacin da 'yan'uwa suke fara shawarar ɗauke mara lafiya su tafi gida saboda kuɗi ya ƙare. Wannan sani yana da yawa ƙwarai, amma galibi a baki yake ƙarewa, a hirar miƙa aiki. In ba a rubuta shi an auna ba, ba ya canza komai a tsarin asibiti.

Tushen aikin jinya na zamani ma da ƙidaya aka kafa shi. Florence Nightingale ta isa asibitin sojoji na Scutari a Turkiyya a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Alƙaluman da ta tattara ta fitar a 1858 sun nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso suke haddasawa sun kashe sojoji fiye da raunin fagen fama, kuma da su ta matsa wa gwamnatin Ingila lamba aka gyara tsaftar asibitoci da barikoki. A 2002 kuma, wata nas Ba'amurkiya, Farfesa Linda Aiken, da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Kowace nas ta san ƙarancin ma'aikata yana kisa, amma sai da aka sa lamba a kai kafin masu tsara kasafi suka saurara.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a san ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, sannan aka haɗa matakan tsayar da jinin a yi su lokaci ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Unguwarzoma ne suka riƙe wannan aiki a ɗakunan haihuwa, dare da rana. Hannun da ya iya aiwatar da binciken wani zai iya tsara nasa.

Mene ne ake nufi da ƙaramin tallafin bincike?

Kuɗi ne kaɗan da wata ƙungiya ko hukuma take ba mai fara bincike don ya amsa tambaya guda ɗaya, yawanci cikin shekara ɗaya. Ba bashi ba ne, ba a biya. Amma kuma ba kyauta ba ce ta a sa a aljihu: akwai abin da aka yi alƙawarin yi da shi, kuma za a nemi rahoto da rasit. Masu ba da shi sun san ba zai gyara duniya ba. Abin da suke saye shi ne gogewa, wato mutum ya koyi tsara aiki, ya riƙe kuɗi, ya gama, ya rubuta. Wanda ya riƙe ƙarami da amana shi ake yarda a ba babba.

A ina ake samunsa?

Wanda ya fi sauƙin kaiwa ga ma'aikacin asibiti a ƙasashenmu shi ne na ƙungiyar RSTMH ta Landan, wadda aka kafa a 1907 don nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi. Kowace shekara tana ba masu fara bincike har fam 5,000 don aikin da bai wuce shekara ɗaya ba. Ba ta keɓe shi ga likitoci ba, ba ta keɓe shi ga wata ƙasa ba, kuma waɗanda ba su taɓa riƙe babban tallafi da sunansu ba take nema. Za a buƙaci wani gogagge da zai tsaya muku a matsayin mai duba aikin.

Akwai kuma Sigma, ƙungiyar ma'aikatan jinya da aka kafa a Indiana ta Amurka a 1922. Ita ce ta fara ba da tallafin binciken jinya a Amurka a 1936, dala 600 kacal. Yanzu ƙananan tallafinta suna kaiwa dala 5,000, sai dai tana neman mai digiri na biyu ko na uku, ko wanda yake cikin karatun digiri na uku.

A gida Najeriya, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tana da tallafin bincike na cikin makaranta, wanda a shekarun baya iyakarsa naira miliyan 2 ce. Na malaman jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati ne, kuma ta kwamitin bincike na makarantar ake bi. Nas ɗin da take aiki a asibitin jiha ba za ta nema da sunanta ba, amma za ta iya haɗa kai da malami a sashen koyar da jinya na jami'a, kamar na Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, ita ta kawo tambaya da ɗakin majinyata, shi ya kawo ƙofar shiga.

Kada a raina na kusa. Wani lokaci shugabannin asibiti za su iya ɗaukar nauyin buga takardu da ɗan kuɗin mota idan aka nuna musu cewa amsar za ta rage musu asara. Sharuɗɗa da ranakun rufewa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka a karanta sanarwar wannan shekarar a shafin masu ba da tallafin, kada a dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Duk wanda ya ce sai kun biya kuɗin fom kafin a ba ku tallafi, ku rabu da shi.

Ba ni da digiri, takardar shaidar jinya da ta unguwarzoma kawai gare ni. Zan iya?

Za ku iya, kuma kun riga kun taɓa. Babu wanda ya fita daga makarantar jinya bai rubuta aikin bincike na ƙarshe ba. Matsalar ita ce da yawa sun yi shi don cika sharaɗin jarrabawa, aka ɗaure shi da bango mai kauri, aka ajiye. Gaskiya ne wasu masu tallafi suna neman digiri, kuma digirin jinya ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, Jami'ar Ibadan ta fara shi tun 1965, yanzu har ta Jami'ar Karatu Daga Gida ana yi. Amma kafin digirin ya zo, akwai darussa na kyauta a intanet. Cibiyar The Global Health Network tana da sashe na musamman na ma'aikatan jinya masu bincike, TRREE tana koyar da ɗa'ar bincike ta ba da takardar shaida, Rising Scholars kuma, wadda a da ake kira AuthorAID, tana koyar da rubutun kimiyya tana haɗa mai koyo da gogagge.

Wace irin tambaya ce ta cancanci a nemi kuɗi a kanta?

Nan ne kan maganar duka, kuma nan aka fi faɗuwa. Mutane da yawa sukan ji an buɗe tallafi sannan su fara laluben abin da za su bincika, kamar mai shiga kasuwa da kuɗi a hannu bai san abin da ya kawo shi ba. Tambayar ce take zuwa da farko. Ita ce abin nan da ya dame ku a ɗakinku wata da watanni, wanda kuka sha yin ƙorafi a kansa lokacin miƙa aiki.

A ganina, an cika ɗakunan karatunmu da bincike iri ɗaya: auna sani da ra'ayi da ɗabi'ar mutane a kan wata cuta. A raba takardar tambayoyi, a gano cewa mata sun san amfanin zuwa awo amma ba sa zuwa, a ba da shawarar a ƙara wayar da kai. Masu tantance takardun neman tallafi sun ga irin wannan har sun gaji, kuma ba ya canza komai a ɗakin majinyata. Idan sun san amfaninsa ba sa zuwa, to ba wayar da kai ce ta yi ƙaranci ba. Wani abu ne daban, kuma shi ya kamata a bi.

Ku gwada irin waɗannan. A cikin matan da suka zo awo aka samu jininsu ya hau, nawa ne suka dawo a ranar da aka ba su, kuma kiran waya ɗaya daga unguwarzoma yana ƙara yawan masu dawowa? Minti nawa ake ɗauka daga isowar mai jijjiga zuwa yi mata allurar farko, kuma a ina lokacin yake zurarewa: wajen yankar kati, ko wajen sayen magani, ko wajen neman makullin kabad? Uwar bakwaini da aka koya wa ɗora jariri a ƙirji fata da fata, tana ci gaba da yi bayan an sallame ta, ko kakar yaro tana hana ta? Majinyata nawa ne suke samun gyambon kwanciya a ɗakin ƙashi, kuma idan aka koya wa mai jinyar da ke kwana da su yadda ake juya su, adadin yana sauka? Me ya sa iyayen yara masu tamowa suke guduwa kafin a sallame su?

Kowace daga ciki tana da ɗaki ɗaya, mutane sanannu, abin da za a ƙirga, da matakin da metiron za ta iya ɗauka washegarin ranar da ta ga amsar. Tambayar da ta ce za ta binciki mace-macen mata masu juna biyu a arewacin Najeriya gaba ɗaya ta fi ƙarfin fam 5,000, kuma mai tantancewa zai gane haka tun daga take.

Kafin ku tsayar da ita, ku duba ko wani ya riga ya amsa. PubMed, rumbun maƙalun binciken lafiya a intanet, kyauta ce, African Journals Online ta tara mujallun Afirka da yawa, shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, wanda ya fara a 2002, yana buɗe wa cibiyoyin da suka yi rajista mujallun da ake saye da tsada. Ku tambayi mai kula da laburaren asibitinku ko makarantarku.

Me ake rubutawa a takardar nema?

Matsalar da girmanta a wurinku, abin da aka riga aka sani, giɓin da ya rage, tambayarku a jimla ɗaya, yadda za ku amsa ta, jadawalin watanni, da kasafi. Ku fara da abin da rajistar ɗakinku ta nuna, ba da dogon bayanin yadda cutar take a duniya ba. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, kuma ya san alƙaluman duniya. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke faruwa a ɗakinku.

Ku bi ƙa'idar fom ɗin sau da ƙafa. Idan an ce kalma 300, kada ta zama 320. Ku ba mutum biyu su karanta: wanda ya san bincike, da wanda bai san fannin ba sam. Inda na biyun ya tsaya yana tambaya, nan ne rubutun bai fita ba.

Kasafin fa? Zan iya sa wa kaina albashi?

Yawancin ƙananan tallafi ba sa biyan albashin mai binciken. Suna biyan buga takardu, kuɗin mota, katin waya da data, alawus ɗin masu taya tattara bayanai, kuɗin kwamitin ɗa'a mai ba da izinin yin bincike, ɗan kayan aiki kamar ma'aunin hawan jini, da taron sanar da sakamako. Ku je kasuwa ku tambayi farashi na gaske, ku rubuta kowane abu da dalilinsa. Kumbura farashi yana bayyana, rage shi don a ga kun yi arha kuma zai bar ku a tsakiyar hanya.

Akwai hanyoyin rage kashewa. KoboToolbox tana tattara amsoshi a waya ko babu sabis, jamovi tana yin lissafin da ake sayen manhaja mai tsada dominsa, Zotero tana tsara sunayen littattafan da kuka duba, duk kyauta. Sau da yawa ta asusun cibiyarku kuɗin zai biyo, don haka ku zauna da akanta tun kafin ku tura takarda, ku ji yadda ake fitar da kuɗi da tsawon lokacin da yake ɗauka. Ku ajiye kowane rasit, har na mai adaidaita sahu ku rubuta a littafi ya sa hannu in ya yiwu.

Dole ne sai na samu mutum 384?

A'a. Wannan lamba, da ake yawan ɗauka a matsayin adadin mutanen da bincike zai ƙunsa, ta fito ne daga lissafin da ake yi idan jama'ar suna da yawa ƙwarai, ba a san yawan masu matsalar ba aka ɗauka rabi ne, kuma aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Idan duk waɗanda za ku iya samu ba su wuce 300 ba, lissafin yana sauka zuwa wajen 169. Idan kwatanta rukuni biyu za ku yi, lissafin daban ne. Idan kuma hira mai zurfi za ku yi don jin dalilan mutane, ba a ƙirga ta haka, ana ci gaba ne har sai sabon bayani ya daina fitowa. Ku nemi masanin ƙididdiga kafin ku fara tattara bayanai, ba bayan kun gama ba.

Tambayoyi kawai zan yi wa majinyata. Sai na je kwamitin ɗa'a?

Sai kun je, kuma kafin ku tambayi mutum na farko. Babu mujallar kirki da za ta karɓi aiki ba tare da lambar amincewar kwamiti ba, kuma ba a ba da ita bayan an gama.

Mu nan ba ma buƙatar a yi mana dogon wa'azi a kan dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu. Aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata da kuma ingancin takardar amincewar da aka nuna, har aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Yardar jama'a idan ta zube, yaran da ba su ji ba su gani ba ne suke biya.

Tun 2007 Najeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya a ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC. Asibitocin koyarwa suna da nasu kwamitocin, ma'aikatun lafiya na jihohi ma haka. Nijar da Gana su ma suna da nasu kwamitocin, kuma a ƙasar da za a yi aikin ake neman izini.

Akwai wani nauyi da ya rataya a wuyan nas fiye da kowa. Majinyaci yana jin kunyarku, yana kuma tsoron kada ƙin amsawa ya sa a yi watsi da shi. Matar da take jiran ku sa mata ƙarin ruwa ba za ta iya cewa a'a ba cikin sauƙi. Shi ya sa ya fi kyau wanda ba shi yake jinyarta ba ya nemi yardarta. A yi mata bayani da Hausa ko harshen da take ji, a gaya mata ƙarara cewa in ta ƙi babu abin da zai ragu a kulawarta. In ba ta karatu, a karanta mata a gaban shaida, ta dangwala yatsa. In ta ce sai ta shawarci maigida, a ba ta lokaci, amma izininsa ba ya maye gurbin nata. Kada a rubuta suna a takardar amsa, a sa lamba. Kada a ɗauki hoton fayil ɗin majinyaci a waya ana turawa.

Da wane lokaci zan yi, ga aikin dare ga gida?

Wannan tambaya gaskiya ce, kuma babu amfanin a yi kamar ba ta da nauyi. Abin da yake taimakawa shi ne a yi aikin a ƙungiya ta mutum uku ko huɗu da suke karɓar aiki a lokuta daban-daban, a zaɓi tambayar da bayananta suke fitowa daga aikin yau da kullum, kuma a sanar da metiron tun farko don ta duba jadawali. Ku gwada takardar tambayoyinku a kan mutum kaɗan kafin ku fara da gaske. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma tambayar da ba a fahimta ba gara a gano ta a mutum na biyar da a gano ta a na ɗari.

Sunan wa zai zo farko a maƙalar?

Na wanda ya fi ɗaukar nauyin aikin. Ƙa'idar da editocin mujallun lafiya suke bi ita ce marubuci sai ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsarawa ko tattarawa ko nazarin bayanai, ya sa hannu a rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda ya amsa tambaya a kansa. Shugabancin sashe kaɗai ba ya sa mutum ya zama marubuci, wurinsa sashen godiya. An sha ganin nas ta kawo tambaya, ta tattara bayanai wata shida, sannan sunanta ya ɓace ko ya koma ƙarshe. Maganinsa a zauna tun ranar farko, cikin ladabi, a rubuta wa zai yi me da yadda sunaye za su jeru, kowa ya riƙe kwafi.

A wace mujalla zan wallafa?

Akwai na jinya a nahiyar nan, kamar International Journal of Africa Nursing Sciences, da Curationis ta Afirka ta Kudu, da West African Journal of Nursing, sannan Pan African Medical Journal tana karɓar aikin ma'aikatan lafiya gaba ɗaya. Ku kiyayi waɗanda suke turo saƙon imel suna yabon ku, suna alƙawarin bugawa cikin kwana uku idan kun biya. Mujallar gaske tana tura aiki ga masana su tantance, hakan yana ɗaukar makonni ko watanni, kuma kusan kullum za a dawo muku da gyara. Ku duba ko sunanta yana cikin DOAJ, wato jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ko PubMed ko African Journals Online. Idan akwai kuɗin bugawa, ku tambaya ko suna yafewa ga marubuta daga ƙasashenmu, da yawa suna yi.

Na nema ba a ba ni ba.

Masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba, kuma manyan masu bincike ma ana ƙin su. In an aiko da ra'ayin masu tantancewa, ku gyara da shi ku sake turawa. Kafin nan, ku fara ɓangaren da ba ya cin kuɗi, kamar duba tsofaffin rajistoci da izinin kwamiti. Takardar da ta zo da alƙaluman farko ta fi wadda ta zo da zato ƙarfi.

Idan sakamakon bai nuna abin da na zata ba fa?

Ku rubuta shi yadda ya fito. Idan kiran waya bai ƙara yawan masu dawowa awo ba, wannan ma amsa ce, kuma za ta hana wani asibitin kashe kuɗi a kan abin da ba ya aiki. Canza lamba ɗaya don sakamako ya yi kyau cin amana ne, domin wata rana da shi za a yanke shawara a kan majinyacin da ba ku sani ba.

Bayan an gama, akwai wurare uku da ake bin ku bashi. Masu tallafi suna jiran rahoton aiki da na kuɗi a ranar da aka sa. Kwamitin ɗa'a yana jiran sanarwar an rufe binciken. Ɗakin da aka yi aikin kuma yana jiran ya ji abin da aka gano: ku nemi minti goma sha biyar a taron sashe, ku kawo shafi ɗaya mai ɗauke da alƙaluman da matakin da kuke ba da shawara, ku miƙa wa shugabar ma'aikatan jinya kwafi. Matan da suka amsa tambayoyinku ma a gaya musu da Hausa a ranar awo, lokacin jawabin safe kafin a fara kiran kati.